Na karanta akanta, zan iya neman mastas a akiyoloji?

Mai_lissafi:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Digirina na farko a akanta na yi, sakamakona ba laifi kuma da shi nake aiki yanzu, amma gaskiya zuciyata ba ta can, abin da nake so tun da daɗewa shi ne akiyoloji, wato ilimin tono kufai da nazarin kayan da mutanen dauri suka bari. Ina karatu da kaina in na taso aiki, sai dai ban taɓa zama ajin fannin ba, ban taɓa zuwa wajen tono ba, malaman da suka san ni kuma duk na kasuwanci ne. To akwai jami'ar da za ta ma kalli takarduna kuwa, ko sai na koma na sake digiri daga tushe? Kuma in zan nema mastas zan fara ko in wuce digiri na uku kai tsaye, tunda na ji a wasu ƙasashen ana haka har da tallafi?

Yar_ɗakin_gwaji:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sake digiri, ɓata shekaru ne. Ni kemistiri na karanta kafin na shigo, yanzu aikina gwada haƙoran mutanen da ne, sinadarin sitirontiyom da ke cikin haƙori yana nuna irin ƙasar da mutum ya tashi a kanta yana yaro, da haka ake gane wanda ya yi ƙaura. Fannin nan dama baƙi ne suka ɗaga shi. Willard Libby da ya fito da hanyar auna shekarun gawayi da ƙashi da kabon 14 masanin kemistiri ne, a kanta aka ba shi Nobel a 1960, Svante Pääbo da ya samu tasa a 2022 kan DNA ɗin mutanen Neanderthal, wani jinsin mutanen dauri da ya ƙare, likitanci ya karanta. Amma fa in faɗa maka gaskiya mu 'yan kimiyya ƙofarmu ta fi faɗi don muna zuwa da abin da suke buƙata a hannu, kai sai ka ɗan ƙara dagewa wajen nuna me ka kawo.

Malamin_kufai:
Ƙanina, na sha zama ana tace takardun masu nema, bari in gaya maka abin da ido yake fara nema. Sunan digirinka bai cika damunmu ba. Abin da muke tsoro shi ne mutumin da yake son akiyolojin da ya gani a talabijin, ya zo ya tarar yawancin aikin durƙuso ne a rana da cokalin magina da rariya, da wanke tsingaro, da cike fom ɗin kowane hawan ƙasa, wata uku ya gudu. Don haka kafin ka tura ko takarda ɗaya je ka yi horon fili, wato koyon tono a aikace, jami'o'i da yawa suna yin sa lokacin dogon hutu, sati biyu zuwa shida, kuma wasu suna karɓar wanda ba ɗalibinsu ba. A can za ka gane dalilin da ya sa muke cewa tono ɓarna ne, hawan da ka kwashe ba ya komawa, abin da ba ka rubuta ba ya tafi har abada, shi ya sa ake koya wa kowa jadawalin da Edward Harris ya fito da shi a 1973 na jera wane hawa ya riga wane. Kuma a nan ne ma nake ganin akantarka za ta yi maka rana, mutumin da ya saba kobo ba ya ɓata a littafinsa shi ake so ya riƙe rajistar kayan da aka tono, ga lissafin ƙididdiga da ɗalibanmu da yawa suke gudu. Kar ka manta rubutu mafi daɗewa da aka tono a Uruk ta ƙasar Iraƙi, sama da shekara 5,000, galibinsa lissafin hatsi da dabbobi da rabon ma'aikata ne, akwai masu bincike da rayuwarsu kaf a kan tattalin arzikin mutanen dauri take.

Maganar inda za ka nema kuwa tsarin ya bambanta. A Ingila mastas na aji shekara ɗaya ne, wurare irin su Landan da York suna da kwasa-kwasai iri-iri kuma wasu an buɗe su ga wanda ya fito daga wani fanni, sai dai tallafi ya yi ƙaranci. A Amurka akiyoloji yawanci yana ƙarƙashin sashen nazarin ɗan'adam ne, ana shiga digiri na uku daga digirin farko da tallafi kamar yadda ka ji, amma gurbi kaɗan ne, shekara shida ko fiye ake yi, kuma za ka kara ne da waɗanda suka riga suka yi tono. Wasu jami'o'in kuma difloma ta gaba da digiri za su ce ka fara yi. Ni dai da kai ne mastas ko diflomar zan fara.

A wasiƙar bayyana manufa kar ka cika ta da tun ina yaro nake son tarihi, kowa haka yake rubutawa. Zaɓi yanki ɗaya, zamani ɗaya, tambaya ɗaya, ka nemo malamin da yake aiki a kai, ka karanta abin da ya wallafa sannan ka aika masa gajeren imel.

Ɗan_kwangila:
Malam ya gama magana, amma ni akwai inda nake so ka tsaya ka yi tunani, wato bayan an gama ɗin fa? Kujerar koyarwa a jami'a ba ta da yawa ko kaɗan. A Amurka da Ingila mafi yawanmu kamfanonin da ke duba fili kafin a yi titi ko gini muke wa aiki, a Amurka dokar kare wuraren tarihi ta 1966 ce ta kawo haka, a Ingila kuma tun 1990 mai gini ne yake biyan kuɗin tonon, aiki ne na kwangila, yau kana nan gobe an tura ka wani wuri, albashin kuma bai kai na akanta ba wallahi. Ina son aikina ban ce kar ka zo ba, amma kar ka ajiye naka tukuna, yi horon filin da hutunka na shekara, kuma ka sauke QGIS a kwamfutarka kyauta ne ka fara koyon zana taswira, ana tambayar wannan in ana ɗaukar ma'aikata.

Mai_lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Ɗan_kwangila, na ji batun aiki, ba zan ajiye ba sai na ga inda na dosa. Malam saura abu ɗaya, wasiƙun shaida, biyu ko uku suke nema kuma ba ni da malamin akiyoloji ko ɗaya, ga wasu suna cewa a haɗo da samfurin rubutu, ni kuwa furojet ɗina a kan binciken kuɗi ne.

Malamin_kufai:
Ɗaya daga wanda ya duba furojet ɗinka, shi zai shaida kana iya bincike da rubutu, wannan kowane fanni ɗaya ne. Ta biyu daga shugaban horon filin, don haka ka gaya masa niyyarka tun farkon zuwa ya sa maka ido. Ta wajen aiki ka bar ta a ta uku in sun yarda. Samfurin rubutu kuwa kar ka tura furojet ɗin, zauna ka rubuta shafi goma zuwa sha biyar a kan tambayar da ka zaɓa, da madogara yadda ya kamata, ka ba wani ɗan fannin ya duba maka. Kuma ka fara da wuri, yawancin jami'o'in Amurka a Disamba ko Janairu suke rufe karɓa, horon filin kuma sai ka riga ka yi shi kafin nan.