Wace kalmar Hausa za mu tsayar wa "obligation"?

Jama'a, masu fassarar dokoki da labarai sun daɗe suna juya kalmar "obligation" ta Ingilishi da Faransanci yadda ta zo musu, yau a ce dole, gobe a ce nauyi, jibi a ce haƙƙi, shi ya sa nake ganin ya kamata mu tsayar da magana ɗaya. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin ɗaurewa, kuma littafin koyar da shari'a da Sarkin Rum Justiniyan ya fitar a shekarar 533 ya bayyana ta da cewa ɗauri ne na shari'a, wanda ke sa mutum ya biya abin da ake bin sa. Ke nan akwai wanda aka ɗaure, akwai mai bin sa, akwai kuma dalilin da ya halatta ɗaurin.

Da wannan ma'auni dole da tilas sun faɗi. Ɗan fashin da ya tare hanya ya ce a miƙo kuɗi ya sa matafiyi dole, amma ba ya bin sa komai, kuma da matafiyin zai samu kafar tsira ya gudu, babu mai zarginsa. Alhaki kuwa baya yake kallo, sai an yi ɓarna ake neman wanda zai ɗauke shi. Haƙƙi yana tsaye ne a ɓangaren mai karɓa, ga shi kuma haƙƙin ɗan Adam ya riga ya mallake shi a kunnen masu sauraron rediyo.

Wasu malamai za su kawo iltizami, kalmar da dokar mu'amala ta Masar ta 1948, wadda Abdurrazzaƙ Sanhuri ya jagoranci tsara ta, ta yi amfani da ita. Ta dace ƙwarai a Larabci, sai dai Bahaushen da bai yi zurfi a fiƙihu ba, idan ya ji ta, lazimin safe da yamma zai fara tunawa.

Takarar gaskiya tsakanin nauyi da wajibi take. Nauyi yana da daɗin baki, domin muna cewa ya rataya a wuya, a ɗauke shi, a sauke shi, kuma mun san alƙawari kaya ne. Matar da aka kawo wa gudummawa ranar bikin 'yarta ta san akwai ramuwa a kanta ko da babu kotun da za ta kira ta, kuma nauyi ne sunan abin da take ji. Matsalarsa ita ce ya yi faɗi da yawa: mai ɗaukar nauyin karatun maraya yana iya dainawa ba tare da ya saɓa wa kowa ba, ga kuma jin nauyin suruki, wanda kunya ce.

Saboda haka wajibi na zaɓa, jam'insa wajibai, a riƙa bambanta su da cewa wajibin doka, wajibin ɗa'a da wajibin zamantakewa. Na san za a ce kalmar tana da ƙamshin addini, tunda a fiƙihu wajibi shi ne abin da ake samun lada idan an yi, ake samun zunubi idan an bari, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a raba shi da farilla yadda Hanafawa suke yi. Amma wannan ma taimako ne, domin farilla ta riƙe ɓangaren ibada, wajibi kuma ya riga ya fito kasuwa, har ana cewa sa hular kwano wajibi ne ga mai babur.

Mu gwada shi da Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 13 ya ɗora wa hukumomi bin manufofin tafiyar da ƙasa da ke Babi na Biyu na kundin, sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kotu tuhumar su a kan haka. Idan muka ce dole, mun yi ƙarya, tunda babu mai tilasta musu. Idan muka ce wajiban gwamnati, mun faɗi daidai, domin rashin mai hukuntawa ba ya kankare wajibci.

'Yan'uwanmu na Nijar su lura da cewa a Faransancin harkar kuɗi kalmar tana nufin takardar da gwamnati ko kamfani ke sayarwa don karɓar rance. A wannan gurbi takardar lamuni za a ce.