Katin gaisuwa na hannu: kwali na lanƙwashewa, furen takarda na ɓallewa

Ɗalibar Kongo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin hannu. Ina so in haɗa katunan barka da Sallah da na biki masu furen takarda a gaba, don sayarwa a nan Zariya. Matsala uku ce ta tsaya mini. Idan na ninke kwalin sai bakin ninkin ya tsattsage, farin da ke cikin kwalin ya fito. Idan na manna takarda mai launi a gaba, kafin gari ya waye katin ya bankare, ba ya tsayuwa a kan tebur. Furen kuma ko ya murƙushe a cikin ambulan ko ya ɓalle. Da kwalin makaranta nake yi, da farin gam Top Bond. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka da ma'auni, ba bayani a dunƙule ba.

Malamin Zane, Samaru:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Matsalarki ta farko da ta biyu tushensu ɗaya: takarda tana da jijiya. Lokacin da ake yin ta a inji, zaruruwan cikinta suna kwantawa ne su fuskanci gefe guda. In kika ninke tare da jijiyar, ninkin zai kwanta sumul. In kika ninke a gicciye, karya zaruruwan kike yi, shi ne tsattsagewar da kike gani.

Gane jijiyar ba wuya. Riƙe kwalin da hannu biyu ki lanƙwasa shi a hankali ta tsawo, kada ki kai ga ninkewa, sannan ki juya ki lanƙwasa ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin biyo hannunki, layin lanƙwasar nan shi ne hanyar jijiya. In kina kokwanto, yanki ɗan guntu ki shafa masa ruwa a fuska ɗaya. Zai naɗe, kuma tsawon naɗin yana bin jijiyar.

Ga inda lissafin yake da amfani. A4 milimita 210 ne da 297, kuma galibi jijiyarsa tana bin tsawon. Kin ga in kika ninke A4 biyu don ki sami babban kati, layin ninkin ya gicciye jijiya ke nan. Amma in kika fara raba shi gida biyu, kowane rabi 148 da 210, sannan kika ninke rabin, za ki sami kati mai 105 da 148, kuma ninkin ya faɗa daidai kan jijiya. Shi ya sa ƙaramin kati yake fitowa tsaf, babba kuma yake ba mutane wahala. In babban kike so dole, sayi babban fallen kwali ki yanka da kanki yadda jijiyar za ta bi layin ninki.

Kwalin makaranta kuwa ki bar shi don yin ganye da ado. Ya yi laushi da yawa, ba zai ɗauki nauyin fure ba. Jikin kati yana son kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300. Za ki ga an rubuta wannan nauyin da gsm a jikin ƙunshin, wato giram a kowace murabba'in mita. Takardar fotokwafi giram 70 ko 80 ce, ita kuma ta rubutun ciki ce.

Bankarewar kuma aikin ruwa ne. Farin gam ruwa ne da yawa a cikinsa. Da ya taɓa takarda sai zaruruwan su kumbura ta faɗi, ki manna ta a haka a buɗe, in ta bushe ta tsuke ta jawo kwalin zuwa gefenta. Maganin:

Kada ki matsa gam kai tsaye a kan takarda. Ɗiga shi a murfin roba, ki ɗebo da guntun kwali ko tsohon katin waya, ki shafa siriri har ki riƙa hango launin takardar ta cikinsa. In gam ya fito ta gefe lokacin da kika danna, ya yi yawa. Ki tabbata jijiyar takarda mai launin da ta kwalin suna kallon wuri ɗaya. Bayan mannawa, sa leda a sama da ƙasa, ki danne da manyan littattafai, awa shida da rani, kwana guda da damina. Abin da kika manna a waje kuma ki manna kwatankwacinsa a ciki, jan ya zo daidai daga fuska biyu. A bushe kati tukuna kafin fure ya hau, domin da zarar fure ya hau ba sauran dannewa.

In kina da halin sayen salatif mai gam gaba da baya, shi ya fi duka don shimfiɗa takarda, tunda babu ruwa a jikinsa ko kaɗan.

Antin Furanni, Tudun Wada:

Malam ya gama da kwali, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗauki fure. 'Yata, kuskuren da yawancin masu farawa ke yi shi ne ɗora furen kwalba, wato mai kara da ake tsayarwa a cikin kwalba, a kan kati. Furen kati daban, furen kwalba daban.

Na kati mai shiga ambulan, kwantacce ake yi. Yanki takarda mai launi, mai nauyin giram 120 zuwa 160, murabba'i uku: santimita 5, da 4, da 3. Ninke kowanne biyu, ki sake ninkewa, sannan ki ninke ta kusurwa ya zama alwatika. Ki zagaye bakin da almakashi, ki buɗe, za ki ga fure mai falle takwas. Ɗora shi a kan abu mai taushi, kamar tawul da aka ninke, ki murza tsakiyarsa da gindin biro mai zagaye har fallayen su ɗago. Sai ki jera babba a ƙasa, ƙarami a sama, kina ɗan juya kowanne yadda fallensa zai faɗa a tsakanin na ƙasa. Ɗigon gam ɗaya a tsakiya kawai, da tsinken sakace. Tudun wannan furen bai wuce rabin santimita ba, ambulan ba ya cutar da shi.

Wardi na naɗi shi ne wanda mutane suka fi so a katin biki, shi ne kuma mai murƙushewa. Da'ira ce mai faɗin santimita 8. Ki yanka ta kina zagayawa daga baki zuwa ciki, faɗin zirin kamar santimita ɗaya da rabi, ki bar ɗan fili a tsakiya mai faɗin santimita 2. In kika riƙa karkaɗa almakashin bakin ya yi tudu da kwari, furen ya fi kama da na gaske. Naɗi daga bakin waje ake farawa, ba daga tsakiya ba. A nan da yawa suke ɓata aiki. Naɗe a jikin tsinken tsire da ƙarfi har ƙarshe, ki zare tsinken, ki sassauta yatsa ki bar shi ya ɗan warware da kansa. Sannan ki sa gam a filin tsakiyar nan ki zaunar da naɗin a kai, ki riƙe. Ki lura gindin zirin ya zauna a layi ɗaya lokacin naɗi, in ba haka ba tsakiyar za ta tsiro sama ta ƙi taɓa gam.

Ɓallewar kuwa, farin gam yana kama takarda ne idan ya ratsa cikinta. Kwali mai sheƙi ko mai ƙyalƙyali ba ya shan gam, sai ya bushe a sama ya ɓare. Ki kankare wurin da fure zai zauna da bakin reza har sheƙin ya tafi, ko ki yi amfani da bindigar gam. Bindigar ma da sharaɗinta: a bar ta ta yi zafi minti biyar, domin gam mai ɗumi-ɗumi yana daskarewa kafin ya kama. Ƙarama mai sanda milimita 7 ta ishe ki. In babu wuta, kada ki narka sandar a bakin kyandir, hayaƙi zai baƙanta gam ɗin ya ɓata farin kati. Kuma katin da aka yi da gam na bindiga ba a barinsa cikin mota a rufe a zafin Maris da Afrilu, gam ɗin yana laushi furen ya zame.

Furen kwalba, in kin kai can, da takardar kiref ake yi, mai tamojin nan. Ita dokarta ɗaya: a yanka falle yadda layukan tamojin za su miƙe daga gindi zuwa sama. Sai ki sa manyan yatsu biyu a tsakiyar fallen ki ja gefe da gefe a hankali, ya yi zurfi kamar cokali. In kika yanka a kwance, fallen zai miƙe ta tsawo ya langaɓe. Wardi guda yana cin ƙananan falle biyar a ciki da manya goma zuwa sha biyu a waje, a kan wayar ƙarfe mai lambar kauri 18, wadda ita ce kara. Lambar waya in ta hau, sirantaka take ƙaruwa, don haka 24 ta ganye ce. Koren salatif na naɗe kara kuma ba ya kamawa sai an ja shi yana miƙewa.

Ɗalibar Kongo:

Na gode Malam, na gode Anti. To wardin naɗin nan ba shi da ambulan ke nan? Kuma akwai hanyar rina farar takarda a gida? Launukan da ake samu a shago sun cika haske, ni kuwa masu sanyi nake so.

Mai Ɗab'i, Sabon Gari:

Yana da shi, Hajiya, sai dai akwati ne ba ambulan ba. Kafin nan, akwai abin da zan ƙara a kan maganar Malam. Bin jijiya kaɗai bai isa ba idan kwali ya kai giram 300, musamman da hunturu, lokacin da takarda ta bushe ƙayau. Dole a ja layi kafin a ninke. Ɗora rula ta ƙarfe, ki bi gefenta da biron da tawadarsa ta ƙare, sau biyu, da nauyin hannu amma ba har ya huda ba. A fuskar waje ta katin ake jan layin, sai a ninke ramin yana waje, tudun yana ciki. Yawancin mutane akasin haka suke yi, alhali ramin nan shi ne ke ba fatar waje sararin miƙewa. Kada a ja layin da reza, rabin kaurin kwalin za ta yanke, bayan buɗewa kaɗan katin ya rabu biyu.

Yanka kuma da sabuwar reza, a bi sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Reza mai dakushi ita ke sa bakin kwali ya yi gashi.

Kwantaccen kati mai 105 da 148 ambulan ɗinsa C6 ne, milimita 114 da 162. Babban kati, rabin A4, C5 yake shiga. Na mai wardi kuwa ga ma'aunin akwatinsa, mai zurfin santimita 2: yanki kwali santimita 15 da 19.5, ki ja layi santimita 2 daga kowane gefe, ki tsaga kusurwa huɗun ta gefe ɗaya, ki ɗaga bangon ki manna kunnuwan ta ciki. Murfin ki yanka 15.3 da 19.8, bangon nan dai santimita 2. Milimita ukun da aka ƙara su ne ke sa murfi ya shiga ba tare da ya matse ba. In kika yanke taga a murfin kika manna farar roba irin ta bangon firojet ta ciki, mai saye zai ga furen ba sai ya buɗe ya taɓa da hannu ba.

Rubutun ciki ki buga shi a takarda daban, ki rage mata milimita 3 ta kowane gefe, ki manna ta da siririn layin gam kusa da ninki kawai. In rubutu ya ɓaci, takarda kika yi asara ba kati ba. Shawarata kuma a tsaya kan Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya raya. Ayar Alƙur'ani kam a bar ta daga katin sayarwa, domin ba ki san inda zai ƙare ba bayan biki.

Wajen sa kuɗi, ki lissafa akwatin a matsayin kaya mai zaman kansa. Falle biyu na A4 yake ci, katin kuwa rabin falle.

Antin Furanni, Tudun Wada:

Rini yana yiwuwa, 'yata, amma ki san halin kowanne. Ruwan shayi mai kauri yana ba da launin madara zuwa ƙasa-ƙasa, kuma ya fi sauran daɗewa. Lalle yana ba da ruwan goro mai duhu. Kurkum rawaya ce mai kyau, sai dai rana na cinye ta da wuri. Zoɓo yana fara da ja, ya bushe ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda mai duhu gwargwadon takardar, in kuma kanwa ta taɓa shi sai ya juya kore-kore. Shi ma yana koɗewa a haske. Don kayan sayarwa, fentin ruwa na 'yan makaranta da aka tsinka sosai ya fi zama abin dogaro, kuma za ki iya maimaita launin gobe.

A rina falle gaba ɗayansa kafin a yanka fure. Ki shafa da soso a fuska biyu don kada ya naɗe, ki shanya a inuwa a kan leda, in ya kusa bushewa ki sa shi tsakanin fararen takardu biyu ki bi da dutsen guga mai ɗumi. Takardar kiref kuwa kada ruwa ya kusance ta: launinta yana zuba, tamojin ya saki, ba ya dawowa. Ita da garin alli mai launi ake shafa mata baki, da auduga.

Ajiya ma aiki ce a garin nan. A watan Agusta, kati da fure su zauna a roba mai murfi, ki jefa 'yan ƙunshin nan na tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kuma farin gam yana yin fata a murfi cikin mintuna kaɗan, don haka ɗan kaɗan ake ɗigawa a lokaci guda. Kullun sitaci yana manna takarda, amma kyankyaso na bin sa, kada ki sa shi a abin da za a ajiye.

Don bakin ambulan, ƙaro ya fi komai. Jiƙa awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, ki tace da tsumma mai laushi, ki shafa siriri a bakin ki bar shi ya bushe a buɗe. Mai saye ya ɗan jiƙa da ruwa ya rufe. Ki haɗa na kwana biyu ko uku kawai, domin yana tsami ya yi fumfuna in ya daɗe.