Hoton Henry Ford ya manne da gilashi, yaya zan raba su?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu tara tsofaffin hotuna, don ni dai dabara ta ƙare min.

Shekara biyu ke nan da na sayi wani hoton Henry Ford, baƙi da fari, yana tsaye kusa da Model T, motar da kamfaninsa ya fara fitarwa a 1908. Wanda ya sayar min ya ce hoton jarida ne na asali. A bayansa akwai hatimi da ya koɗe, da 'yar takarda bugun tafireta da aka liƙa, har ana iya karanta Dearborn a jiki, garin su Ford da ke jihar Michigan a Amurka.

Laifina ne, na sa shi a firam ba kwali tsakaninsa da gilashi. Damshin damina ya shiga, yanzu kusurwar ƙasa, daidai tayar motar, ta manne ƙam. Na ɗan ɗaga da farce, na ji fuskar hoton za ta ɗaye, sai na janye hannuna. Wani mai wankin hoto ya ce in jiƙa shi a ruwa, amma ai hatimin da takardar za su lalace, kuma su ne darajarsa. Akwai wanda ya taɓa raba irin wannan lafiya?

Sannan na haska bayansa da fitilar duba jabun kuɗi, bai yi ƙyalli ba. Takardun hoto da yawa da aka yi daga shekarun 1950 zuwa gaba suna ƙyalli shuɗi-shuɗi idan aka haska su da irin wannan fitilar, Ford kuwa ya rasu a 1947. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa tun yana raye aka wanke shi?