Don me aka ƙwace labarin daga bakin Yukino?

'Yar Auta: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, dole in amayar da abin da ke cikina. Wata biyu ke nan ina bin Kare Kano, manga ɗin Masami Tsuda, wato littafin labari cikin zane na Japan, kullum bayan isha'i, waya na jikin caji ni kuma ina kwance gefen katifa. Muryar Yukino ce ta riƙe ni tun shafin farko. Yarinyar da a makaranta kowa ke mata kallon kamila, amma da ta shigo gida sai ta zura tsofaffin kayan motsa jiki, ta maƙala tabarau, ta gaya maka ƙiri-ƙiri cewa yabo kawai take nema. Ita ke ba ni labari, daga ni sai ita. Sai da na saki jiki na wuce rabin littafin, marubuciyar ta ɗauke zancen daga bakinta ta miƙa wa saurayinta Arima. Babi bayan babi muna cikin duhun zuciyarsa, Yukino ta koma wadda ake hangowa daga nesa. Kafin nan ma an daɗe a kan soyayyar wasu abokansu, Tsubasa da Kazuma, kamar an manta da masu labarin. Wannan cin amanar mai karatu ne. Wanda ya fara ba ka labari shi ya kamata ya kai ka ƙarshe.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, cin amana fa kika ce? Kalmar ta yi nauyi. Wace amana kika ba ta?

'Yar Auta: Lokacina da zuciyata, Yaya. Da datata ma.

Uwar Biyu: Ni ina bayan Auta. Idan marubuci ya sa ka shaƙu da mutum, ya ɗauki amana ko bai furta ba.

Malamin Lugga: A'a Hajiya, a bi a hankali. Amana sai da alƙawari ko ajiya. Ki ce ta saɓa miki tsammani, ko ta yi miki ba-zata. Shi ya sa nake cewa mun lalata manyan kalmomi, komai ƙanƙantarsa sai a ce cin amana. Gobe idan aka ci amanar gaske me za mu kira ta?

Uwar Biyu: Malam, ba aji muke ba. A gidanmu ko ɗan aike ya tsaya wasa a hanya cewa ake ya ci amana.

Malamin Lugga: Ɗan aike an ba shi saƙo a hannu, Hajiya. Ga ajiyar nan.

Ɗan Fagge: Ku duba sunan littafin ma tukuna. Kareshi Kanojo no Jijo, wato halin da saurayi da budurwa ke ciki. Saurayin aka fara ambata. Tun a bango ta gaya miki mutum biyu ne masu labarin. Littafi 21 ne, ya fito a mujallar LaLa daga 1996 zuwa 2005. Shekara tara cur kina so yarinya ɗaya ta yi ta magana? Kuma ki yi tunani, Arima yaro ne da uwar da ta haife shi ta azabtar da shi yana ƙarami, yayan mahaifinsa likita ya ɗauke shi ya riƙa. Duk rayuwarsa ɓoye wannan tabon yake, har ga Yukino. To ta yaya za ta ba mu labarin abin da aka ɓoye mata? Da a bakinta aka tsaya, murmushinsa kawai za mu riƙa gani. Ni ranar da na shiga kansa na ga irin kishin da yake danne wa duk lokacin da ta yi sabuwar ƙawa, sai da na koma littattafan farko na sake kallon fuskarsa. Zanen bai canza ba, amma tsoro ya ba ni.

'Yar Damagaram: Ni dai a katun ɗin da aka yi daga littafin ban ga wannan duhun da kuke faɗa sosai ba.

Ɗan Fagge: Don Allah 'yar uwa daina ce masa katun. Anime sunansa. Kuma na kamfanin Gainax ɗin da Hideaki Anno ya ja ragamarsa a 1998, kashi 26 ne kawai, bai ko kai rabin littafin ba. Wanda bai karanta ba bai da bakin magana a nan.

'Yar Damagaram: To sannu mai guruf. Mu a nan katun muke cewa, kuma kowa ya gane. Don ka karanta littafi 21 ba shi zai sa ka hana ni magana ba. Ina ce an ce wa 'yan mata ake yin irin wannan mangar? Kai me ya kai ka?

Ɗan Fagge: Shojo, sunan irin wannan mangar, na nufin mujallar 'yan mata ce ta buga, ba a ce haramun ne namiji ya karanta ba.

Baban Zane: Ku saurara, akwai abin da ya fi wannan cacar bakin amfani. Laifin rikicewar rabi na fassara ne. A manga tunanin zuci ba ya shiga ƙwan maganar da ke fita daga baki, ana sa shi a akwati mai kusurwa huɗu ko a watsa shi a kan zanen haka nan, babu suna. Mai karatun Japananci da ya ga kalmar farko ya san waye, domin mace kan ce watashi ko atashi, namiji kuma boku ko ore. Da aka juya zuwa Turanci duk suka koma harafi ɗaya. Ni sai na ci shafi biyu ina zaton Yukino ce kafin in farga. Hausa ma da haka za ta yi, don "na ce" ba ya nuna mace ko namiji.

Uwar Biyu: Ka gani ko? Ashe har kai an yaudare ka. Amanar ke nan da muke faɗa.

Malamin Lugga: Yanzu kuma yaudara ta shigo. Yaudara daban, cin amana daban, Hajiya.

'Yar Damagaram: Ni abin da ke ba ni mamaki, a littattafan soyayyarmu na waya kullum sai mu ga "a ɓangaren Alhaji kuwa", a bar amarya tana kuka a ɗaki a tafi ofis. Ban taɓa jin Auta ta yi ƙorafi ba.

'Yar Auta: Aunty ba ɗaya ba ne! A can marubuciyar ce ke magana daga farko har ƙarshe, ita ke zagayawa da mu. A nan Yukino ce da bakinta take cewa "ni".

Uwar Biyu: Duk ku je ku karanta Nana ta Ai Yazawa ku ga yadda ake sauya murya da mutunci. Ita ba ta taɓa ci min amana ba.

Ɗan Fagge: Wadda ta tsaya tun 2009 ba ta ƙarasa labarin ba?

Uwar Biyu: Rashin lafiya ce ta tsayar da ita, ka ji tsoron Allah! Ka janye wannan maganar.

Ɗan Fagge: Ban zage ta ba Hajiya, shekara kawai na faɗa.

Baban Zane: Dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta, mafi yawanmu mun yarda cewa sauya mai ba da labari a Kare Kano dabara ce da ta zama dole saboda sirrin Arima, kuma matsalar daga fassara take kamar yadda na bayyana. Kalmar cin amana an janye ta. Batun katun a bar shi zuwa wani lokaci.

'Yar Auta: Baba, wa ya janye? Ni ban janye komai ba. Kuma babu wanda ya amsa min zancen Tsubasa da Kazuma, su wane sirri suke ɓoyewa da sai an bar Yukino an bi su?