Shin har yanzu gani ya kori ji?

Malam Tanko: Jama'a, ku taya ni duba karin maganar nan, "gani ya kori ji". Da zarar ka ce wa ɗalibi labarin da ya kawo ƙarya ne, sai ya ce, "Malam, ai da idona na gani a TikTok." Anya tana nan da ƙarfinta kuwa?

Hajiya Ladi: Malam, maganar ba ta da laifi, su ne ba su fahimce ta ba. Ganin da magabata ke nufi shi ne ka je wurin da ƙafarka. Abin da waya ta nuna maka wani ne ya ɗauka, ya yanke, ya turo. A wurina wannan ji ne, ko da ta ido ya shigo.

Sadiya: Hajiya ta gama magana. A watan Maris na 2022 an yaɗa bidiyon bogi na Shugaban Yukiren, Zelensky, yana umartar sojojin ƙasarsa su ajiye makamai. A 2023 kuma hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi ya zagaya duniya, alhali Midjourney, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai haɗa hotuna, ce ta ƙirƙire shi. Manya da dama sun hau sun zauna, balle yara.

Baba Audu: Shi ya sa Ostareliya ta burge ni da ta yi doka a 2024, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga kafafen sada zumunta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sadiya: Baba, da girmanka, ranar da ya cika 16 ɗin fa? Ni "matambayi ba ya ɓata" na fi riƙewa. Wa ya ɗauki bidiyon, yaushe, me yake nema da shi? Sai dai yaron da aka kira marar kunya don ya ɗaga hannu a aji, ba zai tuhumi bidiyo ba. An riga an koya masa haɗiyewa.

Malam Tanko: Wannan ta taɓa mu malamai. Amma matambayi ma yana ɓata idan ɓatacce ya tambaya. Da yawansu yanzu ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambayoyi, suke tambaya, su kwafe amsar ko waiwaye babu.

Hajiya Ladi: To Malam, ka sa su kawo amsar aji, a zauna a yi mata tambayoyi ita ma.