Shawarwari ga Mai Son Zama Mai Cafe Ƙwallo a Wasan Besbol

A wata tattaunawa da aka yi kan matsayin mai cafe ƙwallo a wasan besbol, wato ɗan wasan da ke cafe ƙwallon da mai jifa na ƙungiyarsu ya jefo wa mai bugu, abin da masu horarwa da tsofaffin 'yan wasa suka fi nanatawa shi ne kula da gwiwa. Mai cafe ƙwallo yana tsugune ne a bayan mai bugu, yana tashi yana komawa fiye da sau ɗari a wasa guda, kuma kakar babbar gasar Amurka wasanni 162 ce. Saboda haka suka ce matashi ya fara ƙarfafa cinyoyi da ƙugu tun kafin ciwo ya zo, kuma kada ya ɓoye rauni don tsoron rasa gurbinsa. An kawo misalin Buster Posey, wani mai cafe ƙwallo wanda ya karye a ƙafa a 2011 sakamakon karo da ɗan wasan abokan hamayya da ya rugo don cin maki, har aka tsaurara dokar irin wannan karo a 2014. Haka kuma wani mai cafe ƙwallon, Joe Mauer, ya bar matsayin bayan buguwar kai da ya samu a 2013.

Shawara ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi, ita ce sanin halin mai jifa: wace jifa ce yake amincewa da ita idan hankalinsa ya tashi, kuma yaushe ya kamata a taka zuwa wurinsa a kwantar masa da zuciya. Wannan sanin ne ya riƙe mai cafe ƙwallo Yadier Molina kaka 19 a ƙungiyar St. Louis Cardinals.

An kuma tunatar cewa yawancin matasa sukan shafe shekaru a ƙananan gasanni da ɗan albashi, kuma masu cafewa da dama, irin su Bruce Bochy da Joe Torre, sun zama manyan kociyoyi bayan ritaya.