Tsakure, taƙaitawa da naɗewa: ina bambancinsu?

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamai. A kundin digiri na Hausa ina ganin "tsakure" a farko, "naɗewa" a ƙarshen kowane babi, sannan "taƙaitawa" a babin ƙarshe. Ba duk abu ɗaya ba ne? Wanne ya dace idan ana son tattaro manyan batutuwa?

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, malama. Wadda kike nema ita ce taƙaitawa, wato a rage tsawon magana ba tare da an zubar da gundarinta ba. A kundi tana bin aikin daki-daki: babi na 1 ya kawo kaza, na 2 ya waiwayi kaza, har ƙarshe. Sharaɗinta shi ne kada sabon abu ya shigo. Da zarar kin kawo hujja ko misalin da babu shi a baya, to kin bar taƙaitawa, sabon babi kika buɗe.

Tsakure kuwa daga "tsakura" ya fito, kamar yadda mai sayen gero yake tsakurar ɗan kaɗan daga buhu ya baza a tafin hannu, ya san abin da ke ciki. Sakin layi ɗaya ne, galibi kalmomi 200 zuwa 300 gwargwadon ƙa'idar sashenku. Ya faɗi manufar binciken da hanyar tattara bayanai da ra'in, wato tsarin tunanin masana, da aka ɗora aikin a kai, sai sakamako. A gaba yake zama, amma sai an gama komai ake rubuta shi. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su cika shi da bayanin share fage, wuri ya ƙare ba su faɗi abin da suka gano ba, alhali shi mai karatu ya zo nema.

Bakatsine: Naɗewa abokiyar shimfiɗa ce, wato gabatarwar babi. An shimfiɗa tabarma a farkon babi, a ƙarshe a naɗe. Layi biyar ko shida sun isa.

Uwar Nahawu: Ƙari a kan rubutun kalmar "taƙaitawa", don wannan yana damuna ƙwarai. A riƙa sa ƙugiya. "A takaice" da k maras lanƙwasa tana karkata zuwa "takaici", wato ɓacin rai, kuma ba su da dangantaka. Sannan "-wa" tana faɗuwa idan karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, ya biyo: "yana taƙaita bayani", ba "yana taƙaitawa bayani" ba. Sifa kuma tana bin jinsi da adadi: taƙaitaccen tarihi, taƙaitacciyar hira, taƙaitattun labarai. Wanda ya ce "a taƙaice dai" ya yi wa mai sauraro alkawari, jimla biyu ko uku ya kamata su biyo baya.

Ɗaliba: Allah ya ƙara basira. To "kammalawa" fa, tana iya maye gurbin naɗewa?

Mai Alli: Tana iya, wasu sassan ma ita suka fi so. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe ta a duk babukan.